Amsar Tham A Kan Tafki

"Sakar mini hannu, Yaya Khoi... mutane na kallo!"

Khoi bai saki hannun Tham ba. Suna bayan rumfar mai shayi a bakin tafki, ana ta ƙawata kwale-kwalen bikin sabuwar shekara.

"Shekara shida ina miki waƙar so a gaban jama'a ana tafi. Yau na faɗa da baki kawai, shi ne laifi?"

Tham ta sunkuyar da kai. Ƙauyensu da na su Khoi sun ƙulla zumunci da rantsuwa tun kakannin kakanni. Mawaƙansu na yi wa juna waƙoƙin soyayya har tsufa, namiji ya jefo, mace ta amsa. Amma ba a aure tsakaninsu, don wa da ƙanwa ake ɗaukarsu.

"Saurare ni, masoyiyata. In na jefo waƙa yau, kada ki amsa. In kin yi shiru na gane kin yarda. Da la'asar mu hau mota zuwa birnin Hanoi."

Kafin Tham ta isa gida, Luyen, abokiyar waƙarta da ta daɗe tana hangen matsayinta, wadda ta jiyo su a bayan rumfar, ta riga ta kai wa kakar Tham, Kaka Nhan, labari.

"Ga amarya nan!" in ji Luyen. "Ki tafi mana, wa ya ɗaure ki?"

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da naɗe ganyen taunawa na baƙi.

"Shekara arba'in na yi ina amsa wa kakan yaron nan waƙa," ta ce. "Ranar jana'izarsa ni na rera ta ƙarshe, matarsa na zaune gefena."

"Kin so shi, Kaka?"

"Miƙo mini faranti."

"Kaka..."

"In kin bi shi, mutanensu ba za su sake tako garin nan ba. Ni dai na kusa tafiya. Ke za ki ji shirun."

Rana na tsaka aka tura kwale-kwale, mawaƙan ƙauyukan biyu na ciki. Khoi ya miƙe ya jefo waƙar wani mai jiran jirgin fito, idonsa a kanta.

Ya kai ƙarshe.

Tham ta yi shiru.

Ruwa na bugun katako. A bakin tafki tsofaffin ƙauyukan biyu sun zauna a tabarma ɗaya, suna jira. Ta ji Luyen ta ja numfashi za ta karɓe.

Sai Tham ta buɗe baki.

Ba ta taɓa waƙa irin ta ranar ba. Hawaye na zuba, murya ba ta karye ba ko sau ɗaya. Jama'a suka ɓarke da tafi.

Khoi ya daɗe a tsaye. Sannan ya haɗa hannu ya rusuna mata, yadda al'ada ta tanada.

"Na gode, ƙanwata," ya ce.