Yatsan Mai Tsohon Laburare

Wani direba ne, da ya san abin da zai faru, da bai bar 'yarsa ta kai isha a ofis ba. Ya shiga ɗaukarta, ya tarar tana sabunta manhaja, za ta cire tsohon laburare, wato tarin rubutun kwamfuta da aka gina manhajar a kansa. Wani dattijo yana tsaye bayanta, numfashinsa na warin ƙonanniyar waya.

"Yarinya, ni na rubuta shi. Ƙyale shi."

"Malam, ai ya tsufa," ta ce, ta danna maɓallin cirewa.

Dattijon ya damƙe hannunta, ya karya ɗan yatsanta ƙas, ya fizge shi. Jini ya fantsama a allon kwamfuta. Uban ya kai masa naushi, sai bango ya daka, dattijon ya ɓace.

Da ya buɗe hannun 'yarsa, wani busasshen yatsa ne a gurbin, yana motsi shi kaɗai. Har yau uban bai san abin da yatsan yake rubutawa ba idan ta yi barci.