Wuƙar Gwajin Sajitha

Jinin bai gama bushewa ba a jar ƙasar kalari, gidan horon faɗan gargajiya, lokacin da Insifekta Kunhabdulla ya cire takalmansa ya gangara ciki. An riga an wuce da Vinodan asibiti, dantsensa a tsage har gwiwar hannu. Sajitha, wadda ta yanke shi, tana zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

Yau ce ranar da Gurukkal Kelappan, malamin gidan horon, zai yi mata gwajin ƙarshe ya ba ta izinin koya wa matan garin Vadakara dabarun kare kai. Sai ga wannan ɗanyen aiki. Wuƙar gwaji dakusasshiya ce, ko ayaba da ƙyar take yankawa, amma wadda aka miƙa wa Kunhabdulla sai sheƙi take. Wanda ya zubar da jinin abokin horonsa kuwa ba ya zama malami a gidan nan har abada, ba a ma maganar gidan yari.

"Taki ce?" ya tambaye ta.

"Tawa ce, yallaɓai, ga jan zarena a ƙotar. Amma na rantse, tun da muka ajiye makamai ban taɓa ta ba sai yau da Malam ya miƙo mini."

"Ba ki ga kaifin ba?"

"Idon abokin karawa ake kallo, ba wuƙa ba. Haka aka koya mana."

Kunhabdulla a unguwar ya girma, ya san al'adar. In biki ya zo ana jera makamai a gaban dakalin bauta, malami ya ɗiga wa kowanne kwaɓin sandal, babu mai taɓa su sai ranar ɗauka. Ya durƙusa ya duba sauran. Ɗigon da ke jikinsu ya bushe ya tsattsage. Na wuƙar Sajitha kuwa sumul yake, da ya danna shi da farce sai ya lotsa.

Ya sa aka kira Chathu maƙeri, mai gyara wa gidan makamai, ya tambaye shi ko shi ya wasa wuƙar.

"Ni?" in ji Chathu. "Jiya na dawo daga aurar da 'yata a Kozhikode, yallaɓai. Rabin garin nan sun ci shinkafata a can, ka tambaye su, in sun iya tashi."

Kunhabdulla ya sallame shi, ya juya ga tsoho Kelappan. "Malam, da wa aka tsara za ta kara tun farko?"

"Da Prajeesh, ɗan ƙanwata. Da safe ya ce kafaɗarsa ta gurɗe, shi ne Vinodan ya tsaya a madadinsa."

Prajeesh na jingine da bango, ya rataye hannu da ƙyalle. Kowa a wurin man riɗi yake ƙamshi, don da shi suke shafe jiki kafin horo. Shi kaɗai ke tashin warin man zafi na kanti.

"Samari, wa ya duba maka kafaɗar?" in ji Kunhabdulla.

"Ba kowa. Mai na saya na shafa."

"Ikon Allah. Duk Vadakara a ƙofar kawunka take layin ɗori, ni kaina shi ya gyara mini idon sawu. Kai da ke kwana gida ɗaya da shi sai ka tafi kanti?"

"Ban so in dame shi ranar biki ba."

"Allah sarki, ɗa mai tausayi. Malam, taimaka ka duba mana."

Tsohon bai motsa ba. Kunhabdulla ya ji tausayinsa ƙwarai, amma bai janye maganar ba. Sajitha ta ɗago kai. Can Kelappan ya tako, ya kwance ƙyallen, ya bi kafaɗar da yatsunsa a hankali, ya koma ya sake bi kamar mai fatan ya sami ciwon.

"Ƙalau take," ya ce.

Kunhabdulla ya ɗaga wuƙar. "Wasa bakinta da aka yi ya goge ɗigon Malam. Baƙo ba zai damu ba, ɗan gida ne kaɗai ba zai iya mayar da makami gaban dakali tsirara ba, sai ya sake ɗiga masa sabo. Sajitha ba za ta wasa wuƙa mai zarenta ta yi wa kanta asarar wannan rana ba. Saura wanda ya san abin da ke jiran hannun da zai tare wuƙar, ya janye nasa. Kuma kai Prajeesh, ka guji yatsun kawunka ne don ka san ba a yi musu ƙarya."

"Gidan nan na kakannina ne," in ji Prajeesh, yana huci. "A al'adarmu ɗan 'yar'uwa ke gadonsa, kowa ya sani. Ka tsallake ni, Kawu, ka ɗauko 'yar mai sayar da kwakwa. Ƙwarzane kawai na so ta yi wa Vinodan."

"Jijiya ta yanke," in ji Kunhabdulla, ya riƙe masa hannun da ya ce yana ciwo. "Mu je."

Suna hawa matakala sai Kunhabdulla ya waiga. Kelappan ya tsaya a gaban Sajitha, ya kasa haɗa ido da ita.

"Tashi, 'yata," ya ce. "Gobe ke za ki buɗe ƙofa ki karɓi ɗalibai. Ni zan je in gaya wa ƙanwata."