Saƙon da Kaka Ta Tafi da Shi

Briskila na durƙushe a bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa sai ta ji an banko ƙyauren zaure. Mahaifinta ne, Malam Istifanus, dattijon cocin ƙauyensu, Gidan Tambai, a yankin Shanono. Ko sallama bai yi ba.

"An fasa!" ya ce yana haki. "Auren nan naki da Filimon an fasa shi!"

Muciya ta suɓuce daga hannunta. Saura mako shida biki, har anko an fitar.

"Baba, me ya yi?"

"Me ya yi? Yau muka zauna da shi, mu dattawa da Fasto, kamar yadda ake yi wa kowane ango. Fasto ya ce masa, ka gaskata Yesu ya tashi daga matattu, mu ma za mu tashi? Tambayar da 'yan Sande Sukul ke amsawa suna wasa! Sai yaron nan ya dubi tsabar idonmu ya ce wai bai sani ba!"

Briskila ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zaninta. Ita ta san inda gizon yake saƙar. Filimon ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauyen, kuma shi ne mai ba da waƙa a coci tun suna yara. Bara mahaifiyarsa, Inna Saratu, ta cika a hannunsa yana tsaka da ɗaura mata ƙarin ruwa. Tun daga ranar ba a sake jin muryarsa a waƙa ba.

Kashegari da hantsi ta same shi a gindin darbejiyar asibiti yana wanke hannu.

"Don Allah, Filimon, ka koma ka ce musu ka gaskata. Kalma ɗaya ce fa! Wa zai buɗe zuciyarka ya duba?"

Ya dube ta, idanunsa jajur.

"Briskila, ni na rufe wa Inna ido. Na taɓa jijiyarta, shiru. Na sa abin awo a ƙirjinta, shiru. A makaranta an koya mini kada in rubuta abin da ban auna ba. Ina so in gaskata, Allah ya sani ina so! Amma in na ce tana raye a wani wuri, me na gani?"

"To ni fa? Sai ka rasa ni?"

"Sori, masoyiyata. Ba zan tsaya gaban Allah in fara zamanmu da ƙarya ba. In na iya yi masa ƙarya don in same ki, gobe ke ma zan yi miki."

Ta zo da niyyar faɗa, sai ta juya ta tafi. A hanyar gida, tsakanin gonakin da aka fara shara, ta yi ta kuka, amma wani abu ya zauna mata daram: samari nawa ne a garin nan za su yarda su rasa mace saboda kalma ɗaya ta gaskiya?

Da yamma ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba zan taɓa tsallake maganarka ba. Ka ce an fasa, na ji. Sai dai ina roƙonka, kada a turo mini kowa. Zan jira shi."

"Har yaushe?"

"Har ranar da Ubangiji ya ga dama."

Aka mayar da kayan baiko. Ankon ya zama zanin zuwa gona. A bakin rijiya mata su yi shiru in ta iso, a taron Zumuntar Mata kuwa har addu'a aka yi mata da suna, wai Allah ya raba ta da mai taurin kai. Damina ta sauka, aka yi noma, aka yanke gero, aka roro wake. Briskila ta rame, amma ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga wa mahaifinta murya, ba kuma ta taɓa zuwa wurin Filimon a ɓoye ba. Shi ma bai bar coci ba. Kowace Lahadi yana bencin ƙarshe, bakinsa a rufe.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta bi dokar Malam Istifanus ta hana Filimon shiga gidan ba: mahaifiyarsa, Kaka Lami, tsohuwa mai hawan jini da kaifin baki. Filimon ne ke zuwa auna ta duk Talata da Juma'a.

"Ɗakina ne," in ji ta. "Angona zai shigo, wanda bai so ba ya kau da kai!"

Bayan an gama kai amfanin gona rumbu, jikin Kaka ya rikice. Wata Juma'a da azahar Filimon ya auna ta, ya sake aunawa, ya ce a nemo mota zuwa Kano.

"Ba inda za ni," ta ce da ƙyar. "Tafiyata ta fi Kano nisa. Ku zauna."

Briskila na riƙe da ƙafafunta, Malam Istifanus na tsaye a bakin ƙofa. Kaka ta juya ido gare shi.

"Kai Istifanus, ka manta shekarar da muka binne ɗanka na fari? Wata bakwai ba ka iya cewa amin ba. Ka zo nan ɗakin ka ce mini, Inna, anya akwai wani abu bayan ramin nan? Wa ya kore ka? Wa ya ƙwace maka mata? Haƙuri aka yi da kai har ka dawo."

Malam Istifanus ya zame ya zauna a ƙasa. Briskila ba ta taɓa jin wannan labari ba, ba ta kuma taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar.

Kaka ta laluba ta kamo hannun Filimon.

"Angona, ni ban yi boko ba, ban kuma ga kabarin Yesu da idona ba. Shekara sittin ina magana da shi, shi ke nan abin da na sani. Yanzu zan tafi, zan tarar da ƙawata Saratu. Me zan ce mata?"

Briskila ta dubi Filimon. Ta ɗauka zai yi shiru, ko ya ce bai sani ba.

"Kaka... ki ce mata na yi iya ƙoƙarina ranar nan. Ki ce mata ta yafe mini, ban iya riƙe ta ba. Ki ce... ki ce mata ina nan zuwa, za mu gana!"

Ya kifa kansa a gefen gado ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'izar mahaifiyarsa.

"Zan faɗa mata," in ji Kaka, tana shafa kansa.

Kafin la'asar Kaka ta cika.

Kwana bakwai ana karɓar gaisuwa, maƙwabta Musulmi da Kirista suka cika ƙofar gida. Da aka watse, Malam Istifanus bai aika kowa ba, da ƙafarsa ya taka har asibiti. Briskila ba ta san abin da suka tattauna ba, ta dai ga sun dawo tare, mahaifinta na riƙe da jakar awon Filimon.

Ranar Lahadi Filimon ya miƙe gaban jama'a.

"Ban yi mafarki ba, ban ji wata murya ba, ban ga komai ba," ya ce. "Tambayoyina ma ba su ƙare ba. Amma da Kaka ta tambaye ni saƙo, sai na ji ina ba ta da dukan zuciyata, kuma mutum ba ya aika saƙo wurin wanda babu. Na gaskata Yesu ya tashi. Na gaskata Inna na hannunsa."

Malam Istifanus ma ya miƙe, ya nemi gafarar 'yarsa a bainar jama'a, abin da ba a taɓa ganin dattijo ya yi ba a Gidan Tambai. Aka ɗaura aure Asabar ɗin da ta biyo bayan Ista, matan da suka yi ta gulma su ne a gaba wajen guɗa.

Ku 'yan'uwana matasa, ku dubi Briskila: ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ba ta kuma yar da masoyinta ba, ta yi haƙuri shekara guda cur har Allah ya haɗa mata biyun. Ku dubi Filimon, wanda ya gwammace ya rasa amarya da ya yi ƙarya da sunan bangaskiya. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya zo muku da shakka, ku ja shi jiki, kada ku rufe masa ƙofa. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi ƙarfin bangaskiya a yau, sun taɓa zama a bencin ƙarshe bakinsu a rufe, aka yi haƙuri da su.