Layin Masu Tari

"Kada ka zo layi gobe, Yaya Aƙilu."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinki. Ya ɗago ya dubi Safiyyatu da ke bakin rumfarsa a Kasuwar Gombe, farin kayan aikinta na leƙowa ta ƙasan mayafi, idanunta jawur.

"Ke fa kika ce wata goma sha takwas, ko kwana ɗaya ban da fashi."

"Na faɗa... amma Yelwa ta gan ka."

Shekarar 1975 ce. Safiyyatu na aiki a sashen masu tarin fuka na asibitin gari, ita ke yin allura, ita ke miƙa ƙwayoyi. A nan ta fara ganin Aƙilu tela, ƙasusuwan wuyansa a waje. Wata bakwai yana shan magani, tarin ya kwanta, jiki ya dawo, so ya shiga tsakaninsu har manyansa suka je unguwar Hammadu Kafi neman aurenta.

Yelwa 'yar baffanta ce, ta daɗe da son telan nan a ranta. Ita ta kai maganar ganinsa a layin masu tari gaban mahaifinta, Bappayo, wanda ya riƙe Safiyyatu tun rasuwar iyayenta.

"Bappa ya kira ni," in ji Safiyyatu. "Na rantse masa ka warke, rakiya kawai ka yi. In aka sake ganinka, shi ke nan, an fasa auren."

"Maganin fa?"

"Ba ya fita sai mai kati ya zo da kansa. Mako uku ne kawai, masoyina. A ɗaura aure ka koma."

Ya daɗe yana kallonta.

"Ke kika san aikin, Safiyata. Abin da kika ce shi zan yi."

Aka ɗaura aure, suka tare a unguwar Gabukka. Mako uku ya zama wata uku. Gari ya buɗe, kowa na ɗinka sabon kaya, Aƙilu ba ya samun sararin cin abinci ma. Duk ranar da ta yi niyyar cewa ya koma, sai ta tuna rantsuwarta, ta dubi kumatunsa da suka cika, ta ce gobe.

Shugabar sashensu, Sista Elizabet, ta tare ta rannan da katinsa a hannu.

"Ina mijinki?"

"Aiki ne ya yi masa yawa, Sista."

"Kina bin mutane har gida in sun yi fashi. Naki gidan ya fi nisa ne?"

Safiyyatu ta sunkuyar da kai.

Da damina tarin ya dawo. Wata safiya tana wanki ta ga jini a hankicinsa. A ranar, ita da kanta ta riƙo hannunsa har asibiti, a gaban kowa. Aka koma allura, aka koma ƙwayoyi, amma ciwon ya daina jin maganin.

"Ni na jawo maka," ta ce tana goge masa gumi a gadon asibiti.

"Ni ma da ƙafafuna, na san hanya." Ya numfasa da ƙyar. "Na ji daɗin zama da ke... kada ki ƙwace mini wannan da kuka."

Ya rasu ranar Talata bayan azahar, wata goma sha ɗaya da aurensu.

Bayan sadakar bakwai ta durƙusa gaban Bappayo a zaure, ta faɗa masa komai. Yelwa na jingine a bakin ƙofa, ta kasa shigowa, ta kasa tafiya.

Carbin tsohon ya tsaya a hannunsa.

"Safiyyatu, kin san abin da na kira ki in faɗa miki ran nan, kafin aurenku?"

Ta girgiza kai.

"Na je na tambayi likita, ya ce ciwon na warkewa in an jure. Cewa zan yi a ɗaga bikin shekara guda, yaron ya gama maganinsa." Ya ajiye carbin. "Ban buɗe baki ba kika rantse."