Mai Kifar da Baho

Wa ya aike ku ku tambaye ni wannan, kuma da magariba? Bakinku ya fi ƙarfin zuciyarku, sai an fara ku ƙanƙame juna. To, tunda kun nace, ku gyara zama. Wanda ya katse ni, na tashi.

Wata mata ce mai wanki da guga. Mijinta direba ne, ya fi kwana a hanya. 'Ya'yanta biyu: budurwa, wadda kowa ke kira Yaya, sai Auta, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Tsakar gidan kullum cike take da baho da bokiti, domin takan jiƙa kayan mutane da yamma, su kwana cikin ruwan sabulu, ta wanke da safe.

Wata rana, hasken yamma ya gama janyewa, kaji sun shige akurki, tana kwashe shanya, sai ta ji ƙwal a kan rufin kwano. Ta ɗaga murya ta yi wa yaran maƙwabta tas. Babu wanda ya amsa. Wani dutsen ya faɗo, daga sama sak, ba daga bayan katanga ba. Ta waiwaya. Babban bahon nan, wanda sai mutum biyu ke ɗaga shi, yana kife, fararen kayan mutane cikin laka. Auta na tsaye a gefe, yana yi wa wani abu dariya, abin da ita ba ta gani.

Haka aka ci gaba. Kullum magariba jifa, kullum baho a kife. Masu kaya suka fara janye jiki. Sannan abin ya koma kan Yaya. Ta daina cin abinci. Sai ta zauna ta ƙura wa ruwa ido, ko ƙiftawa babu. Ranar da uwar ta dafa kafaɗarta, ta juyo a hankali, ta yi magana da muryar wani tsoho:

"Zubar."

Aka kira wani malami mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Kafin ya iso, mai wankin ta yi dabararta. Akwai rigunan wani tela da ya ce lallai gobe. Ta jiƙa su a bokiti, ta kai bayan ɗakin girki ta ɓoye, wai kada aljanin ya gani.

Malam ya zo bayan sallah. Maƙwabta suka cika ɗaki har bakin ƙofa, wasu taimako, yawanci kallo. Uwar ta miƙa wa maƙwabciyarta Auta. "Riƙe min shi, don Allah." Ta durƙusa ta danne ƙafafun Yaya.

Malam ya yi ta karatu. Iska ta tsaya cak. Jikin yarinyar ya sandare, idanunta suka juye.

"Wane ne kai?" in ji Malam. "Me ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Bakinta na ara. Na yi jifa, ba ku ji ba."

"Me kake nema a gidan mutane?"

"Na gaji da ɗaukar laifinku. Inda na baro, yaro ya faɗa rijiya marar murfi, aka ce ni na ja shi. Kafin nan wata ta bar jariri a ruwan wanka ta tafi amsa sallama, aka ce ni ne. Ban taɓa ko ɗaya ba. Kallo kawai na yi." Muryar ta yi ƙasa. "Kun zaci ihu suke yi? Shiru ne, Malam. Ko kaza ba ta farkawa."



"Zan fita," in ji muryar. "Amma sai uwar ta rantse ruwa ba zai sake kwana a buɗe a gidan nan ba."

"Da me zan ciyar da su?" uwar ta ce. "Sana'ata ke nan."

"Ba kai za ka gindaya mana sharaɗi ba," in ji Malam. "Fita!"

Sai abin ya yi dariya, wata busasshiyar dariya marar daɗi.

"Ka ɗaure ni nan da karatunka. Ni ina nan. Ku duka kuna nan. To, wa ke tsakar gida?"

Uwar ta ɗago kai. "Ina Auta?"

"Na ba 'yata," in ji maƙwabciya.

"Na sauke shi," in ji 'yar. "Na ɗauka wurinki ya zo."

Ba ta san yadda ta tsallake mutane ba. Tsakar gida wayam, babu jifa, babu motsi. Ta zagaya bayan ɗakin girki. Ƙafafu biyu ƙanana ta gani a sama. Ruwan bai kai rabin bokitin ba.

Ta fizgo shi, jikinsa ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Malam ya karɓe shi, ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya hura masa numfashi a baki, ya danna ƙirjinsa, ya sake hurawa. Bai tsaya ba, gumi na ɗiga daga gemunsa. Can yaron ya yi tari, ruwan sabulu ya fito ta hanci da baki, ya tsala kuka.

"Na rantse," uwar take ta faɗi, ba wanda ya tambaye ta. "Na rantse."

A cikin ɗaki Yaya ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Mama, me mutane ke yi a ɗakinmu?"

Ba su jira gari ya waye ba, suka kai Auta asibiti. Ya rayu. Matar ta koma wanki da rana tsaka, ta gama ta zubar, ta kife komai da hannunta.

Wai aljanin kirki ne? Oho. Bai dawo ba balle a tambaye shi.

Ke babba, ina ƙaninki? Kada ki ce min yana wurin wani. Tashi ki ɗauko shi da hannunki, in gan shi da idona. Yauwa. Ku wuce ku kwanta, kar in ƙara jin tarin kowa.