Yadda Enelita Ta Sami Suna

Kwana biyar ke nan da Tiyamike ta haihu, jaririya ba ta da suna. Mahaifiyar Tiyamike, Mama Malita, ta taso tun daga Mangochi da busasshen kifi, ta ce ita za a yi wa takwara. Uwar mijinta kuwa, Mama Eneles, ta nan Zomba, ta rantse jikar fari sunanta za ta ci.

Ana cikin tuƙa tuwon masara magana ta ɓaci.

"Ni na yi naƙudar mai jegon nan," in ji Mama Malita.

"Ni kuma a kasuwa na sayo uban jaririyar ko?"

Mama Malita ta ajiye muciya. "Tiyamike, haɗa kayanki, motar safe za mu bi."

Tiyamike ta shige ɗaki tana hawaye. Ba ta taɓa yi wa uwarta musu ba, ba ta kuma son barin mijinta Limbani ko na kwana ɗaya. Ta janyo tsohon fantimotinsu ta buɗe: gefe ɗaya kayanta, ɗaya na mijinta. Ko riga ta kasa cirewa.

Haka Limbani ya same ta da ya dawo daga makarantar da yake koyar da Turanci. Ya ji komai, ya durƙusa gabanta.

"Ni ma ninke ni ki saka a ciki mana."

"Kai komai wasa."

"To share hawayen. Kin san da sunan akwatin nan Turawa ke kiran kalmar da aka haɗa daga kalmomi biyu? Wai ita ma ɗaki biyu ce, makulli ɗaya."

Ta ɗago kai. "Har sunan mutane ana haɗawa?"

"Wa ya hana?"

Ta jima tana motsa baki tana gwada haɗa sunayen biyu, sannan ta ɗauki 'yarta ta fita. Ta durƙusa tsakanin tsofaffin ta ce, "Sunanta Enelita."

Mama Malita ta ɓata rai. "Don me nata ne a gaba?"

"Mama, in an kira yaro daga nesa, ina ake jan murya?"

Tsohuwar ta gwada: "Eneliiita!" Sai dariya ta kuɓuce mata. "Ashe nawa unguwa za ta riƙa ji."

"Sai dai an bi ta kan nawa tukuna," in ji Mama Eneles, tana miƙa mata kwanon tuwo.

Motar safe ta tafi ba tare da su ba. Da Tiyamike ta ɗauki ɓangare, da gida ɗaya ya yi kuka. Haƙuri da ladabi suka bar mata uwa, suruka da miji gaba ɗaya.