Gahawar da Ba a Sha Ba

"Ko sau ɗaya bai kalli tagar nan ba, Mama..."

Suhad ce ke magana, tana riƙe da labule. A tsakar gida manyan dangin saurayinta Mu'utaz sun zauna tare da shi, sun zo neman aurenta. An zuba wa kawunsa gahawa ya ajiye, don a garinsu Irbid ba a kurɓa sai uban yarinya ya ce an ba su.

Mama ta ce ta natsu, ango ba ya ɗaga kai gaban manya. Suhad ta san haka sarai, amma zuciyarta ba ta san al'ada ba.

Tun tana budurwa ƙarama ake fama da ita. Da fargaba aka fara, a jami'a baƙin ciki ya kwantar da ita, daga baya ta daina cin abinci. Kowane likita da sunan da yake ba abin, har aka samu wadda ta ce tushen ɗaya ne: lalurar ɗabi'a, tsoron kada a guje ta. Mu'utaz ya san komai, shi ke kai ta asibiti ma. Gwaggonsa Wafiƙa, mai son ya auri 'yarta, ta bi dangi tana cewa mahaukaciya zai kwaso. Bai saurare ta ba.

Amma yau ya sunkuyar da kai, nan take Suhad ta ga ya gaji da ita, kunya ce kawai ta kawo shi.

Ta aika aka kira Baba, ta rantse masa in ya ba da ita ba za ta yafe ba. Ya roƙe ta har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya koma ya ba baƙi haƙuri. Dattawa suka miƙe, kawun ya rantse ba zai sake taka gidan ba.

Kafin la'asar guguwar zuciyarta ta wuce, kamar kullum. Ta kira Mu'utaz a waya tana kuka.

"Hasken idona... ka dawo, ban san me ya same ni ba."

"Na yafe miki, rayuwata. Amma Kawu ya rantse gaban mutane, babu mai sake yi mini rakiyar neman aure."

"Dama na san za ka tafi..."



"Suhad, kullum ina gaya miki ba zan tafi ba. Ban taɓa tunanin ke za ki buɗe mini ƙofa ba."